Kurman Jirgi a Sararin Damagaram: Wace Amsa Muka Tanadar wa Yaranmu?



Duk wanda ya halarci babban biki ko hawan salla a birnin Damagaram cikin ƴan shekarun nan, da wuya a ce bai ga ɗan ƙaramin jirgin nan mai farfela huɗu ba, wanda masu ɗaukar hoto ke tadawa bisa kan jama'a yana ƙugi kamar zuma ta tashi. Yara na ce masa duron, gidajen rediyo kuma na ce masa jirgi maras matuƙi ko kurman jirgi. Mu da ke Gaffati, nan gefen birni, yaranmu sun gan shi ido da ido, sun kuma ga manyan ƴan uwansa cikin salula suna sakin bama-bamai a ƙasashen da ake yaƙi. Tambayarsu ba ta wuce guda: yaya abu zai tashi sama, ya je inda aka aike shi, ya komo, alhali babu kowa a cikinsa? Amsar da suka fi ji daga bakinmu ita ce "aikin Shinuwa ne" ko "sha'anin Nasara sai su". Daga nan sai a rufe zancen.

A matsayina na malami, ina ganin wannan amsa tana da illa fiye da yadda muke zato. Yaron da ya saba jin cewa abin sama na wasu ne zai girma yana ɗaukar kansa wanda ake leƙowa kawai, a ɗauke shi hoto ko a sako masa wuta, ba shi da ta cewa. Na'urar kuwa ta riga ta shigo rayuwarmu, kuma babu wanda ya nemi shawararmu kafin ta shigo. Abin da ya rage mana shi ne mu san ta, mu sanar da ƴaƴanmu.

Bari mu fara da inda akasarinsu ke fitowa. Ƙaramin da ake tadawa wajen biki yawanci na kamfanin DJI ne, wanda wani ɗalibi mai suna Wang Tao ya kafa a 2006, mazauninsa kuma birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Yau shi ne kan gaba a duniya wajen sayar da ƙananan jirage marasa matuƙa. Amma abin da Sinawa ke gwadawa a filayensu ya wuce wannan nesa ba kusa ba. A watan Nuwamba na 2024, wajen bajekolin jiragen sama na birnin Zhuhai, sun nuna wani mai suna Jiutian. Faɗin fukafukansa mita 25 ne, kuma masu shi sun ce zai ɗauki kaya har tan 6, wato nauyin buhun gero 60 mai kilo ɗari-ɗari. Abin da ya ja hankalin duniya shi ne cikinsa, domin an tsara shi yadda zai buɗe ya saki ƙananan jirage kusan 100, su bazu kamar fara. Kafin shi, a watan Satumba na 2022, sun tada Qimingxing-50 a lardin Shaanxi, mai fukafukai mita 50 da aka shimfiɗe da farantan sola. Ba ya shan mai ko ɗigo. Manufarsa ya hau sama da kilomita 20, can bisa gajimare, ya daɗe yana shawagi yana irin aikin da tauraron ɗan adam ke yi. A watan Yuni na 2025 kuma, wata jami'ar soja ta ƙasar ta nuna a talabijin wani ɗan mitsitsi mai siffar sauro, wanda aka yi don leƙen asiri. Ga kuma EH216-S na kamfanin EHang, mai kujera biyu, da ke ɗaukar mutane ba direba, wanda hukumar jiragen sama ta Sin ta amince da ƙirarsa a watan Oktoba na 2023.

Da yawa cikin waɗannan har yanzu gwaji ne, kuma mun san mai kaya ba ya kushe kayansa. Wasu za su ƙare a rumfar bajekoli. Sai dai yawan gwajin da kansa ya isa ya nuna mana inda aka dosa.

Wanda ya fi ba ni abin tunani shi ne Wing Loong 2. Jirgin yaƙi ne, an ƙera shi ya ɗauki makamai masu linzami, kuma ƙasashe da dama sun saye shi, har da maƙwabciyarmu Najeriya. Amma a watan Yuli na 2021, da ambaliya ta ci lardin Henan ta katse hanyoyin sadarwa, sai aka tada wani samfurinsa da aka ɗora wa na'urar rezo a madadin makamai. Ya yi tafiyar kusan kilomita 1,200, ya riƙa kewaya samaniyar garin Mihe, mutanen da ruwa ya tsare suka samu rezo na kamar awa biyar, suka kira ƴan uwansu da masu ceto. A watan Janairu na shekarar, wani samfurin nasa mai suna Ganlin-1 ya tashi a lardin Gansu, aikinsa barbaɗa sinadari cikin hadari don a samu ruwan sama, dabarar da mu ma aka gwada a Nijar cikin daminar 2022. Gangar jiki ɗaya ce, inji ɗaya ne, abin da aka ɗora masa ne ya bambanta. Wanda ke yanke shawarar abin da za a ɗora kuwa shi ne wanda ya mallaki jirgin kuma ya iya shi.

To mu a nan, wace fuskarsa ce ta fara iso mana? Ta yaƙi. Amurka ta kashe sama da dala miliyan 100 ta gina sansani mai lamba 201 a Agadas, inda manyan jirage marasa matuƙa suka riƙa tashi tun 2019 har sojojinta suka fice a watan Agusta na 2024. Nijar ta sayo Bayraktar TB2 daga Turkiyya, suka iso a 2022. Najeriya ta yi amfani da CH-3 ƙirar Sin a yaƙinta da Boko Haram, har ɗaya ya faɗo a jihar Borno cikin Janairun 2015. Sojojin samanta sun kuma ƙera nasu guda biyu suka raɗa musu sunan Hausa, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018. Sunayen ma kaɗai sun faɗi aikin.

Ba na musun cewa ƙasar da ke fama da ƴan ta'adda da ƴan bindiga tana buƙatar ido a sama. Ƙasarmu faɗi gare ta, ta haura murabba'in kilomita miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, sojan ƙasa ba zai taka ko'ina ba. Sojan da jirgi ya hango masa kwanton ɓauna ya tsira, ɗan wani ne, wataƙila ma tsohon ɗalibinmu. Amma kada mu manta da daren 3 ga Disamba 2023 a Tudun Biri ta jihar Kaduna, inda kurman jirgin soja ya saki bam a kan masu taron Maulidi, hukuma da kanta ta ƙidaya gawa 85. Kada mu manta da ƙauyen Nachade na gundumar Madarumfa, inda a watan Fabrairu na 2022 wuta ta faɗo daga sama, gwamnan Maraɗi na lokacin ya sanar da rasuwar yara bakwai, ya ce kuskuren jirgin sojan Najeriya ne. Ko da matuƙi a ciki ko babu, ciwon ɗaya ne: wanda ke sama ya ga mutane, bai san su ba.

Kamara tana ganin taro, da dare ma tana ganin ɗumin jikin mutane, amma ba ta jin begen da ake yi. Mutumin da ke zaune gaban allon kwamfuta shi ne zai fassara abin da ta gani. Idan bai san yadda taron Maulidi yake ba, bai san ranar kasuwar ƙauye ba, bai taɓa ganin jerin babura masu rakiyar amarya ba, to abu kaɗan zai sa ya ɗauki biki a matsayin gungun ɓarayi. Ashe sanin na'ura kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da sanin ƙasa da mutanenta. Wa ya fi ƴaƴanmu wannan sanin na biyu? Na farkon ne suka rasa, kuma shi ne ake koyarwa a aji.

Yanzu mu dubi ɗaya fuskar, wadda ta fi shafar tukunyarmu. Ba mu manta daminar 2024 ba. Ruwa ya kashe sama da mutum 300 a faɗin ƙasa, ya taɓa sama da miliyan ɗaya. Ranar 3 ga Satumba, tsohon masallacin unguwar Birni da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19 ya rushe a idon jama'a. Mu malamai ba mu koma aji ranar 2 ga Oktoba yadda aka tsara ba, sai 28 ga wata, domin wasu makarantun sun lalace, wasu kuma waɗanda ruwa ya raba da gidajensu ne a ciki. Ruwa kuwa gangare yake bi, ana iya sanin hanyarsa tun bai zo ba. Ƙaramin jirgi mai kamara zai yi shawagi bisa gari ya ɗauki ɗaruruwan hotuna, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da taswira mai nuna tudu da kwari. A kanta za a ga inda korama za ta ratsa, gidajen da suka tare mata hanya, da filin da bai kamata a kafa aji a cikinsa ba. Wannan ba labarin wata duniya ba ne. Wani ɗan ƙasarmu, Aziz Kountché, ya kafa kamfanin Drone Africa Service a Yamai, yana harhaɗa jiragensa da kansa, kuma a 2016 hukumar kula da ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi aiki da shi wajen zana taswirar sansanonin Sayam Forage da Kablewa a jahar Difa.

Tun kafin zuwan duron ma, hoton sama ya taɓa yi wa manoman yankinmu shaida. Masu bincike, ciki har da Gray Tappan na hukumar nazarin ƙasa ta Amurka da Mahamane Larwanou ɗan Nijar, sun bi diddigin itatuwan gonakinmu. Da aka jera hotunan da aka ɗauka daga jirgi a 1975 da na farkon shekarun 2000, sai aka ga itace ya ninka a gonaki maimakon ya ragu, albarkacin sassaben zamani, wato barin toho ya girma ana yi masa aski. Gawon Mirriya da Magarya da Matamai na cikin manyan hujjojin da aka kafa, kuma an ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace miliyan 200 a kudancin ƙasa. Iyayenmu ne suka yi aikin da adda da gatari. Amma sai da aka leƙo daga sama aka ƙidaya kafin duniya ta yarda, kuma kayan leƙen na wasu ne. Ina jin daɗin labarin, ina kuma jin zafin wannan ɓangaren nasa.

Haka zancen iyakar gona da burtali. Kowace shekara idan kaka ta yi, sai an ji rigima tsakanin manoma da makiyaya, ko tsakanin magada. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin ƙasa don su rubuta wane ke da ina. Hoton sama mai kwanan wata, da aka ajiye a ma'aikatar magajin gari, ba zai maye shaidar mai gari da dattawa ba, amma zai taimaka musu ranar da wani ya ce burtalin dama can haka yake da ƙunci.

Sai dai ba kowane abu da ya yi aiki a Sin zai yi a Gaffati ba, kuma ina so iyaye su riƙe wannan, domin ƴan talla na nan tafe. Ɗauki jirgin feshin magani. Agras T40 na DJI yana ɗaukar lita 40, kuma a shimfiɗaɗɗiyar gonar shinkafa mai shuka iri ɗaya yana aiki mai kyau. Gonarmu kuwa gero ne da dawa da wake a haɗe, ga gawo tsaye a tsakiya. Idan tankin ya cika, batirin ba ya kai shi nesa, cikin kamar minti goma sai ya sauko a canza, don haka dole janareta da mai su bi shi gona. Zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 yana gajiyar da batir, ƙurar hunturu tana shiga injin. Idan iska ta kaɗa, maganin da aka fesa daga sama zai iya sauka cikin rijiya, kan awaki, ko kan amyar maƙwabci. Ga murzuna da ke cin zangarniyar gero, masu binciken INRAN a Maraɗi sun daɗe da nuna hanya mai sauƙi, ta sakin wasu ƙananan ƙwari da ke kashe tsutsar, cikin ƴan buhunan algarara da ake ratayewa kusa da gona. Manomin da aka nuna masa wannan ya fi cin riba bisa wanda aka ɗora wa bashin jirgi.

Kai jini asibiti ma haka ne. Kamfanin Zipline na Amurka ya fara wannan aiki a Ruwanda a 2016, ya iso jihar Kaduna a 2022. Ga ƙauyen da ke can bayan Tanut ko Taskar, inda mace mai zubar jini za ta yi awoyi cikin rairayi, jirgi rai ne. Ga Gaffati da ke kusa da birni, hanya mai kyau da motar asibiti mai mai a tanki sun fi gaggawa. Wanda ya san na'ura shi ke iya bambance inda take da amfani da inda ta zama ado. Wanda bai san ta ba, ko dai ya ƙi ta gaba ɗaya don tsoro, ko ya karɓe ta gaba ɗaya don burgewa, kuma duka biyun asara ce.

Na san wani zai ce: Mushe, kana zancen jirgi alhali yaranmu na zaune ƙasa cikin ajin zana? Maganarsa gaskiya ce. Gwamnati da kanta ta ƙidaya irin waɗannan azuzuwa kusan 36,000, kuma gobarar da ta tashi cikinsu a Maraɗi a watan Nuwamba na 2021 ta ci yara sama da 20. Aji na kirki, alli, littafi, da albashin malami a kan lokaci su ne farko, babu jayayya. Ba na neman a saya wa kowace makaranta duron. Abin da nake nema ba ya cin jika ɗaya: mu daina rufe tambayar yaro, mu mayar da ita darasi. Idan muka ce sai an gama gina aji na ƙarshe kafin mu buɗe bakin wannan zance, yaran da ke gabanmu yau za su yi furfura ba su ji shi ba.

Muna da darasi a ƙofar gida. Matatar mai ta SORAZ da ke arewa da Damagaram ta fara aiki a watan Nuwamba na 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana, kashi 60 na kamfanin CNPC ne na Sin, kashi 40 na Nijar. Sama da shekara goma sha uku bayan nan, a watan Maris na 2025, gwamnati ta sallami wasu manyan jami'an kamfanonin man Sin su uku daga ƙasa, kuma cikin dalilan da aka bayar har da tazarar albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa. Ba na kawo wannan don kushe Sinawa. Kowa ƙasarsa yake wa aiki, kuma sun gina abin da wasu suka daɗe ba su gina ba. Abin lura shi ne, injin da aka kafa a ƙasarka bai zama naka ba sai ranar da ɗanka ya iya kwance shi ya mayar. Idan ba mu shirya ba, da jirage marasa matuƙa ma haka za ta kasance: mu saya da tsada, ya lalace, mu zauna jiran mai gyara daga wata ƙasa.

Kuma ba a ce Damagaram ba ta taɓa yin irin wannan ba. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye birni da ganuwa a ƙarni na 19, bindigogi na zuwa ta hanyar hamada daga arewa. Bai tsaya ga saye ba. Maƙeran birnin sun ƙera igwa, an haɗa albarushi a gida, har sunan Damagaram ya kai nesa. Marigayi André Salifou, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa yanzu, ya yi rubutu mai zurfi a kan wannan daula. Jikokin waɗannan maƙera su ne yau ke zaune bakin kasuwa suna kwance salular da aka ƙera a Shenzhen suna canza mata gilashi, ba tare da sun taɓa shiga ajin lantarki ba. Ƙannensu ne ke ƙera mota da kara da gwangwani. Hannu akwai, kai akwai. Abin da ya yi ƙaranci shi ne lissafi da kimiyyar da za su ɗaga mai gyara ya zama mai ƙira.

To me malami zai yi da alli kaɗai? Da farko ya ba da amsar tambayar, domin ba ta da wuya. Farfela tana tura iska ƙasa, iska ta tura jirgi sama, kamar yadda mai iyo ke tura ruwa baya ya yi gaba. Farfela biyu na juyawa dama, biyu hagu, domin da duk huɗun gefe ɗaya suke juyawa, da gangar jikin ta riƙa juyi kamar katantanwa. Idan ana so ya yi gaba, na baya su ƙara gudu, sai ya sunkuya ya tafi. Ƴar na'urar da ke sa hoto ya juya idan ka karkata salularka, irinta ce ke gaya masa ya karkace, ya gyara tsayuwa sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda. Inda yake kuma yana sani ne ta saƙon taurarin ɗan adam aƙalla huɗu: yana auna lokacin da saƙon kowanne ya ɗauka kafin ya iso, ya fitar da nisa. Nisa daidai yake da gudu sau lokaci. Wannan ai lissafin ɗan CM2 ne. Ranar da yaro ya gane cewa ƙa'idar da ya rubuta a allonsa ita ce ke tuƙa jirgin, kallon da yake wa lissafi zai canza.

Na biyu, darasin taswira. A fitar da yara fili, a ce su zana makaranta yadda shirwa ke ganinta. Su auna da igiya, santimita ɗaya a takarda ya tsaya a madadin mita goma a ƙasa. Bayan an yi ruwa, su fita su sa alama inda ya kwanta da inda ya bi. Ƴan CEG a ba su lissafin tanki: idan hekta ɗaya na cin lita 20, sau nawa jirgi mai lita 40 zai sauko kafin ya gama hekta 7, kuma nawa man janareta zai ci? Su da kansu za su gano ko abin ya biya. Ƴan mata su riƙe igiyar awo kamar maza, domin babu abin da ke cikin wannan aiki da ke buƙatar ƙarfin damtse.

Na uku, harshe. Tun watan Maris na 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Wannan matsayi zai zama na takarda kawai idan ba za mu iya bayyana yadda jirgi ke tashi da ita ba. Mu malamai ne za mu gwada kalmomin a aji, mu ga wadda yara suka kama, mu riƙe ta.

Iyaye kuma akwai nasu kason, kuma na farko na tsaro ne. Ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai a yankin tafkin Chadi da Mali da Burkina Faso sun fara ɗaura abubuwan fashewa a jikin ƙananan jirage irin na kasuwa. A gaya wa yaro, idan ya ga irin wannan abu ya faɗo a gona ko a daji, kada ya taɓa, kada ya kai wa mai sayen ƙarfe, ya je ya faɗa wa mai gari a kira jandarmomi. Ko babu komai a jikinsa, batirin kaɗai idan aka huda shi yana kamawa da wuta. Saurayin da ya samu kuɗi ya sayo nasa kuma, a tunatar da shi ya nemi izinin hukuma, ya nisanci barikin soja da filin jirgi, domin a wannan zamani wasa kaɗan na iya kai shi inda bai zata ba.

Na biyu na mutunci ne, kuma shi ne na ga ba a cika magana a kansa ba. Gidan Bahaushe da zaure da katanga yake kare sirrinsa. Baƙo ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, a ce ya shigo ko a fito masa. Amma tsakar gida, madafa da makewayi ba su da rufi, domin magabatanmu ba su taɓa tunanin ido zai zo ta sama ba. Jirgin da aka tada don ɗaukar amarya yana wucewa bisa gida goma na maƙwabta, kuma abin da ya ɗauka yana iya ƙarewa a WhatsApp ko TikTok. Addininmu ya yi umarni da neman izini kafin shiga gida a Suratun Nur, ya hana binciken asirin mutane a Suratul Hujurat, kuma ban ga dalilin da zai sa shiga ta sama ta fita daga wannan hukunci ba. Mai biki ya sanar da maƙwabta, ya iyakance wa mai hoto inda zai tashi, fili da titi kawai. Limamai da masu unguwa su sa baki tun abin bai haifar da rigima ba.

Ga shugabannin ƙaramar hukuma, shawarata guda ce. Duk wata ƙungiya ko kamfani da zai zo da jirgi don auna ƙasarmu, a gindaya masa sharaɗi uku: a sanar da jama'a kafin ya tashi, a bar kwafin taswira a ma'aikatar magajin gari, a kuma ɗauki matasanmu aƙalla biyu, mace da namiji, su bi aikin daga farko har ƙarshe. Ga jami'ar André Salifou kuma, roƙo nake: malamai da ɗaliban labarin ƙasa su riƙa fitowa ƙauyukan kewaye, ko da yini ɗaya a shekara, su tada jirgi a filin CEG, su bar yara su ga garinsu daga sama, su nuna musu yadda hoto ke zama taswira. Kwamitocin iyaye na makarantu su rubuta takardar gayyata, kada su jira a tuna da su. Masu tattaunawa da Sin da Turkiyya a Yamai kuma, duk kwangilar sayen jirgi da ba ta ƙunshi horar da masu gyara da guraben karatu ba, a sani an saye ta rabi.

Shekarar karatu ɗaya ta isa mu gwada. Kowane malami ya ware awa biyu cikin wata uku na farko, ɗaya don yadda jirgi ke tashi, ɗaya don taswirar makaranta. A taron iyaye na gaba a ɗauki minti goma a yi zancen abin da ya faɗo daga sama da zancen sirrin gida. Wanda ya gwada ya ba mu labarin yadda yara suka karɓa, mu ƙaru da juna.

Allah ya kare garuruwanmu daga wutar sama da ta ƙasa, ya ba ƴaƴanmu ilimi mai amfani. Amin.